Pitta: Kalma Ɗaya, Ma'ana Uku

Ɗalibai, da za a tambaye ku ma'anar "pitta" a jarrabawar Turanci, me za ku rubuta? Ku yi hattara, domin amsoshin uku ne.

Ta farko tsuntsu ne mai gajeren bindi da dogayen ƙafafu, yana kiwo a ƙasa cikin dazuzzukan Asiya, Ostireliya da Afirka. Sunan ya fito daga Telugu, wani harshe na kudancin Indiya, inda yake nufin ƙaramin tsuntsu. Masanin Faransa Louis Vieillot ne ya shigar da shi kimiyya a 1816. Na Indiya ana masa laƙabi da "mai launi tara".

Ta biyu burodi ne mai kama da gurasar Kano, ana cin sa a Girka da ƙasashen Larabawa. Zafin tanda ke kumbura shi, cikinsa ya zama aljihu, a cusa nama ko ganye. Daga Girkanci aka aro wannan.

Ta uku daga Sanskrit take, ma'anarta ruwan maɗaciya. A Ayurveda, maganin gargajiyar Indiya, pitta ɗaya ce cikin yanayin jiki uku, tare da vata da kapha. Sun ce mai ita yana da zafin jiki da saurin fushi, amma kimiyyar zamani ba ta tabbatar ba.

Mu ma muna da "gari": na zama da na tuwo. Idan kalma ta rikita ku, kada ku cafki ma'anar farko a ƙamus. Ku duba maƙwabtanta cikin jimla, domin a nan maki ke zubewa.