Talabijin mai intanet mai araha: shekara nawa take yi a Abu Hujar?

A garin Abu Hujar da ke jihar Sinnar a Sudan, da sauran ƙauyukan Hausawa na gaɓar Shuɗin Nilu irin su Mai Wurno, talabijin ita ke kawo labaran duniya da finafinan Kannywood da karatun malamai cikin gida. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, darajar fam ɗin Sudan ta faɗi, kayan lantarki sun yi tsada. Garin Sinja, babban birnin jihar, ya faɗa hannun dakarun RSF a watan Yunin 2024, sojoji suka ƙwato shi a Nuwamba. Magidancin da ke sake haɗa kayan ɗaki yanzu, dole ya auna ko talabijin mai araha za ta biya kuɗinta.

Gilashin da ke nuna hoto ba shi ya fi saurin mutuwa ba. Bayansa akwai jerin ƙananan fitilu na LED masu haska hoton, kuma sau da yawa su ke fara ƙonewa, sai a ji murya amma allo ya yi duhu. A 2022 wani kamfanin gwajin kayan lantarki na Kanada, RTINGS, ya fara kunna talabijin 100 na tsawon awanni kullum don ganin ƙarkonsu. Ya gano cewa sirara waɗanda aka jera fitilunsu a gefen allo sun fi saurin samun matsala, saboda zafi yana taruwa wuri guda. A yankin da zafi ke wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, ga ƙurar da ke toshe kafofin iska, wannan ya fi muni.

Na biyu shi ne wuta. Ko da yake madatsar ruwan Sinnar ta 1925 da ta Rusairis ta 1966 suna kan wannan kogi, ɗauke wuta ya zama ruwan dare. An ƙera talabijin don wuta mai ƙarfin bolt 220 zuwa 240. Idan aka maido da wuta da ƙarfi fiye da haka, ko janareto ya riƙa hawa da sauka, sashen da ke karɓar wuta a ciki ne ke ƙonewa. Masu sola ma suna da tasu matsalar, domin inbata mai arha ba ta ba da wuta mai tsafta.

Na uku ba a ganin sa da ido: ƙwaƙwalwar na'urar. Yawancin masu araha suna zuwa da ma'ajiya ƙarama, giga 8 ko ƙasa da haka, manhajoji kuwa kullum ƙara nauyi suke. Bayan ƴan shekaru sai ta riƙa jinkiri ko ta maƙale. Su ma masu manhajojin sukan daina tallafa wa tsofaffin na'urori: a 2015 YouTube ya daina aiki a talabijin da dama da aka ƙera a 2012 ko kafin nan. Allon yana nan lafiya, amma abin da ya sa aka ƙara kuɗi ya tafi.

Ga iyalin da ke kallo ta tauraron ɗan'adam na Nilesat ko Arabsat, ko ta filashi da ake loda wa finafinai a kasuwa, intanet ɗin cikin talabijin ba shi da amfani sosai, musamman inda layin waya ke yawan yankewa. Talabijin mara intanet da ƙaramin akwatin Android a gefe ta fi sauƙi: idan akwatin ya tsufa, shi kaɗai za a sauya.

Akwai abubuwan da ke ƙara wa talabijin kwana. A haɗa ta da na'urar daidaita wuta, a kuma zare soket da zarar an ɗauke wuta. A rage hasken allo daga ƙarshe zuwa tsaka-tsaki, domin fitilun su huta. A bar tazara tsakaninta da bango, a rufe ta da zane idan an kashe, musamman lokacin guguwar ƙura. Da damina kuma a cire wayar dish idan ana tsawa.

Kafin a biya kuɗi, yana da kyau a je wurin mai gyara a tambaye shi irin wadda yake samun kayanta. Sanannun sunaye kamar Hisense, TCL, LG da Samsung sun fi sauƙin samun fitilu da sauran kayan gyara, amma akwai na jabu masu ɗauke da tambarinsu, don haka a duba lambar ƙira a baya, a kuma nemi takardar garanti. Lissafin mai sauƙi ne: wadda aka saya da rabin kuɗi ta mutu cikin shekara 2 ta fi tsada a kan wadda ta yi shekara 6. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado, kuma a Abu Hujar kuɗin na'urar daidaita wuta ya kamata ya shiga cikin farashin talabijin tun daga ranar saye.