Ranar da fayil ya ɓace: yadda ake gwada manhajar da ke farautar kurakuran kwamfuta

Duk ɗalibin da ya saba zirga-zirga a shagunan kwamfuta na Birnin Kebbi ko Argungu, ko don buga takarda ko don atisayen jarrabawar JAMB, zai yi wuya a ce bai taɓa ganin wannan ba. Ka danna manhaja ka koma ka zauna kana jira, maimakon ta buɗe sai wani ɗan akwati ya fito yana cewa ba za a iya ci gaba ba domin ba a sami MSVCP140.dll ba. Mai shago ya ce maka ka koma kan waccan kwamfutar, wannan ta samu matsala. Alhali ita kwamfutar lafiyarta lau, manhajar ma haka. Fayil guda ne kawai ba ya inda ake tsammaninsa.

Tun shekarar 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, WAEC ma ta fara bin wannan hanya a 2024 da masu rubuta jarrabawa daga waje. Saboda haka sanin dalilin da ke sa manhaja ta ƙi tashi, da yadda masana ke gano shi, ya shafi kowane ɗalibin sakandare, ba sai mai burin karanta kimiyyar kwamfuta ba.

Injin niƙa ɗaya, gidaje da yawa

A unguwarku ba kowane gida ne ke da injin niƙa ba. Inji ɗaya ne a bakin layi, gidaje talatin ko arba'in na kai masa gero da dawa. Haka manhajoji suke. Akwai ayyukan da kusan kowace manhaja ke bukata: nuna rubutu a fuskar kwamfuta, buɗe hoto, yin lissafi, magana da intanet. Maimakon kowace ta ɗauko nata kayan aikin, sai a tara su a fayil ɗaya, duk mai bukata ta je ta ara. Wannan fayil shi ne laburaren haɗaka. A Windows sunansa kan ƙare da .dll, a Linux da Android kuwa da .so.

Amfanin tsarin a fili yake. Ana tsimin wuri a ma'adana da ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma idan aka gyara kuskure a laburaren, duk manhajojin da ke aro sun amfana lokaci guda. Illarsa ma a fili take: ranar da injin bakin layi ya tsaya, gidaje arba'in ne za su kwana ba tuwo.

Duniya ta ga irin haka a watan Maris na 2016. Wani marubucin manhaja ya janye ɗan ƙaramin aikinsa mai suna left-pad daga rumbun npm, inda masu aiki da harshen JavaScript ke ɗebo kayan aro. Layi 11 ne kacal a cikinsa, amma dubban ayyuka a faɗin duniya sun ƙi haɗuwa, har sai da masu kula da rumbun suka mayar da shi.

Mai bin sawu

Idan manhaja ta lalace, mai rubuta ta yana da abokin aiki da ake kira dibaga. Aikinta kamar na mai bin sawu ne a daji. Tana iya tsayar da manhaja a kan layin da kake so, ta bi ta taki bayan taki, ta nuna maka abin da ke cikin ƙwaƙwalwarta, ta kuma faɗa maka hanyar da ta biyo kafin ta faɗi.

Sunan ya samo asali ne daga kalmar Turanci mai nufin ƙwaro, wadda injiniyoyi suka daɗe suna kiran matsalar na'ura da ita. A ranar 9 ga Satumba, 1947, masu aiki da kwamfutar Mark II a Jami'ar Harvard ta Amurka, ayarin da Grace Hopper ke ciki, sun ciro ƙwaro na gaske da ya maƙale a cikin na'urar, suka manna shi a littafin aikinsu. Littafin yana nan ajiye a gidan tarihin Smithsonian da ke Washinton.

Ɗaya daga cikin fitattun dibagogi ita ce GDB, wadda Richard Stallman ya fara rubutawa a 1986. Kyauta ce, kowa na iya saukar da ita, ya karanta yadda aka rubuta ta, har ya ba da gudummawar gyara.

To ita kanta mai bin sawun tana bukatar laburaren haɗaka kafin ta yi aikinta. Kwamfuta ba ta san sunaye ba, lambobi kawai ta sani. Idan manhaja ta faɗi, abin da dibaga ke samu shi ne lambar wurin da abin ya faru a ƙwaƙwalwa. Kafin ta ce maka a cikin aiki kaza ne, a layi kaza, dole ta buɗe fayil ɗin laburaren ta duba jerin sunayen da ke ciki. Idan fayil ɗin ba ya nan, ta zama kamar baƙon da aka ba lambar gida amma ba a gaya masa unguwa ba.

Hali uku da ake gwadawa

Hali na farko shi ne mafi sauƙi: laburaren ya ɓace tun kafin manhajar ta tashi. A Linux za ta mutu nan take da saƙon cewa ba a iya buɗe fayil kaza ba. GDB za ta ba da rahoton cewa manhajar ta fita da lamba 0177. Masu son lissafi su lura, wannan lamba a tsarin ƙidaya na takwas-takwas aka rubuta ta: 1 sau 64, da 7 sau 8, da 7, jimilla 127.

Hali na biyu shi ne wanda masana suka fi cin karo da shi. Ka ɗauka wata manhaja ta faɗi a kwamfutar wata makaranta a Argungu, wanda ya rubuta ta kuwa yana Birnin Kebbi. Lokacin da manhaja ta faɗi, ana iya ajiye hoton duk abin da ke cikin ƙwaƙwalwarta a fayil da ake kira core. Sai a tura masa fayil ɗin. Amma ba a saba kwafe laburare gaba ɗayansu cikin wannan hoto ba, sunayensu da wuraren da aka ɗora su ne ke ciki. Idan tasa kwamfutar ba ta da su, GDB za ta yi gargaɗin cewa ta kasa karanta sunayen da ke cikin laburare kaza, ta kuma tambaye shi ko zai nuna mata inda za ta nema. A jerin hanyar da manhajar ta biyo, inda ya kamata a ga sunan aiki sai a ga alamar tambaya guda biyu.

Hali na uku ya fi duka haɗari. Fayil ɗin yana nan, sunansa daidai, amma ba shi ne wanda manhajar ta yi amfani da shi ba, wata fitowa ce ta baya ko ta gaba. Nan dibaga na iya karanta lambar, ta duba jerin da ba nata ba, ta faɗi sunan aikin da ba shi da laifi ko kaɗan. Mai gyara ya ɓata yini guda yana tono inda babu komai. Don magance wannan ne ake buga wa kowane fayil wani tambari na lambobi lokacin haɗa shi, wanda ake kira build-id, domin a iya kwatanta wanda ake da shi da wanda ake nema.

Me ya sa ake ɓatar da fayil da gangan?

Masuncin da zai shiga Matan Fada ranar bikin kamun kifi na Argungu, bikin da aka fara a 1934, ba ya bari sai ya kai tsakiyar ruwa sannan ya gane gorarsa ta tsage ko homarsa ta yage. Tun a gida yake dubawa. Haka masu kula da GDB suke yi. Suna da dubban gwaje-gwaje da ke gudana da kansu ta wani tsari mai suna DejaGnu, kuma wasu daga ciki na wannan matsala ne. Gwajin zai haɗa ɗan ƙaramin laburare da manhajar da ke aro daga gare shi, ya ajiye hoton ƙwaƙwalwarta, ya kawar da laburaren, sannan ya buɗe hoton da GDB ya karanta abin da za ta ce.

Tambayoyi uku ake nema wa amsa. Shin ita dibagar ta tsaya da ƙafarta, ko ita ma ta faɗi? Shin ta faɗi gaskiya, ta ambaci sunan fayil ɗin da ta rasa, ko ta yi shiru ta ƙirƙiro amsa? Shin ta ci gaba da nuna abin da take iya gani a sauran sassan manhajar? Bayan nan sai a nuna mata inda aka ɓoye fayil ɗin, a ga ko za ta gane shi, sunaye su dawo. Duk lokacin da wani ya yi wa GDB gyara, sai a sake gudanar da gwaje-gwajen, domin gyaran wuri ɗaya yakan ɓata wani wurin.

Tun fitowa ta 10 a 2020, GDB na iya amfani da wata hidima mai suna debuginfod, ta aika tambarin fayil ɗin da ta rasa ta intanet a turo mata bayanansa. Sai dai wanda ya san yadda data ke ƙarewa da yadda sabis ke ɗaukewa a ƙauyukanmu ya san dole dibaga ta iya aiki ko da babu intanet, kuma wannan ma abin gwadawa ne.

Ku gwada da kanku

Idan kulob ɗin kwamfuta na makarantarku yana da na'ura mai Linux, ku nemi izinin malami ku yi wannan a cikin sabon folda naku. Ku rubuta ɗan aiki a harshen C mai suna auna_kifi, ku sa masa kuskure da gangan, kamar taɓa wurin da babu komai a ƙwaƙwalwa. Ku haɗa shi ya zama libkifi.so, sannan ku rubuta manhajar da za ta kira shi. Umarnin ldd zai jero muku duk laburaren da take aro. Ku tayar da ita cikin GDB, idan ta faɗi ku rubuta bt ku ga sunan auna_kifi a sama, sannan ku rubuta generate-core-file.

Yanzu ku mayar da libkifi.so wani folda, ku buɗe hoton. Ku sake rubuta bt ku ƙirga alamomin tambaya. Umarnin info sharedlibrary zai nuna muku wanda ba a karanta ba. Daga ƙarshe ku yi amfani da set solib-search-path ku nuna mata sabon wurin. Kafin kowane mataki, kowa ya rubuta a takarda abin da yake tsammanin zai faru, sannan a kwatanta. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Gargaɗi biyu. Kada ku taɓa fayilolin .dll ko .so na ita kwamfutar kanta, domin goge ɗaya na iya hana ta tashi gaba ɗaya. Kuma idan kun ga saƙon MSVCP140.dll, kada ku sauko da fayil ɗin daga shafukan da ba ku sani ba, ta nan ƙwayoyin cutar kwamfuta ke shigowa. Fayil ɗin ɓangare ne na kunshin Visual C++ na kamfanin Microsoft, kuma a shafin kamfanin ake samun kunshin kyauta.

Wanda wannan aiki ya burge ba sai ya yi nisa ba. Ana koyar da kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da Kwalejin Fasaha ta Tarayya ta Waziri Umaru, da jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da ke Aliero. Kafin lokacin ya yi, ku riƙe lissafi da kyau, ku kuma saba karanta saƙon kuskure har ƙarshe kafin ku danna maɓallin rufewa, domin sau da yawa sunan abin da ya ɓace yana nan a rubuce a cikinsa.