Kafin Ka Sayi Taya, Karanta Abin Da Ke Jikinta

Duk wanda yake bin hanyar Ƙaura Namoda zuwa Shinkafi, ko wadda ta ratsa Zurmi ta nufi Jibiya, ya san irin wahalar da taya take sha. Ga ramuka, ga zafin bazara da yakan wuce digiri 40, ga kuma lodi, musamman ranar Alhamis da kasuwar Shinkafi take ci. Bugu da ƙari, a wannan hali na rashin tsaro babu direban da yake so taya ta fashe masa a tsakiyar daji, ya tsaya canji da mata da yara a cikin mota. Shi ya sa muka ga ya kamata mu tattauna da masu karatu a kan yadda ake zaɓen taya.

Yawancinmu da ido muke saye. In zanen taya yana da zurfi, baƙinta yana sheƙi, sai mu biya. Amma kowace taya tana ɗauke da bayaninta a gefenta, kuma wanda ya iya karanta lambobi zai iya gane shi.

Shekarun taya

Taya takan tsufa ko da ba a taɓa hawanta ba, domin roba tana bushewa, zafi kuma yana gaggauta bushewar. A nemi inda aka rubuta DOT, a duba lambobi huɗu na ƙarshen layin. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Misali, 2319 yana nufin an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019. In lambobin uku ne kawai, to an yi ta tun kafin shekarar 2000, kada ma a taya. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana gargaɗin cewa kada a yi amfani da tayar da ta wuce shekara huɗu da yi. In an ga alamar an kankare lambobin, a bar wa mai ita kayarsa.

Girma da nauyi

Ɗauki tayar ƙaramar mota irin Golf, wadda akan rubuta wa 175/70 R13 82T. Lamba 175 faɗinta ne a milimita, 13 kuma girman wilin da za ta hau. Dole girman ya zo daidai da abin da ke cikin littafin mota, ko takardar da akan manna a jikin ƙofar direba. Lambar da aka fi mantawa da ita ita ce 82, alhali ita ke faɗin nauyin da tayar za ta iya ɗauka, wato kilo 475. Tayoyi huɗu ke nan kilo 1,900, kuma motar kanta ta cinye kusan tan ɗaya daga ciki. In aka cusa mutum bakwai, aka ɗora buhu biyar na masara, an riga an wuce iyaka, kuma tayoyin baya ne za su fi jin jiki. Masu bas irin Hiace su nemi tayar da ke da harafin C bayan girmanta, kamar 195 R15C, domin ita aka yi don lodi. Sa wa bas tayar ƙaramar mota ganganci ne da rayukan mutane.

Juriyar zafi

Tayoyi da yawa suna da kalmar TEMPERATURE tare da harafin A, B ko C. Mai A ta fi jure zafi, mai C ita ce ƙarshe. A ƙasa irin tamu a nemi A, in ba a samu ba B. Haka kuma a guji tayar da ke da hoton dutse da alamar ƙanƙara a cikinsa. An yi ta ne don hunturun Turai, robarta tana da laushi, kwaltarmu tana cinye ta da wuri.

Sabuwa ko ta hannu?

Kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ya daina yin taya a Legas a 2008. Tun daga nan yawancin tayoyinmu daga waje suke zuwa. Gwamnati ta hana shigo da tsofaffin tayoyin ƙananan motoci, amma duk da haka suna nan a kasuwa, kuma mun san rashin kuɗi ne yake kai mutane gare su. Sai dai araha ba ta ado. In ya zama dole, a duba shekara, a shafa ciki da waje. Kada a karɓi mai ƙulu, ko tsagewa, ko faci a gefe. Zurfin zane kada ya gaza milimita 1.6. In kuɗin biyu kawai ake da shi, a sayi iri ɗaya, a sa su a baya, domin in baya ya kwace da wuya direba ya shawo kan mota.

Bayan saye

A riƙa auna iska da safe kafin taya ta yi zafi. Ƙarancin iska yana sa taya ta ɗau zafi har ta fashe. Kada a manta da safaya da jak, a gwada su tun a gida.

Fasinjoji ma suna da haƙƙi. Kafin ka shiga mota a tasha, zagaya ka dubi tayoyinta. In ka ga suɗaɗɗiya, gara ka jira ta gaba. Muna roƙon wanda ya karanta wannan ya bayyana wa direbobi da masu faci na unguwarsu.