Tsohon kwano ma da labari a bakinsa

Ƴan uwa mata, in kuka shiga ɗakin kowace tsohuwa daga Madawa zuwa Buza har Keita, za ku tarar da wani abu da ba ya da kuɗi a kasuwa amma ba a yarda yaro ya taɓa shi. Wata ƙwarya ce da gyartai ya ɗinke har sau biyu. Wata akushi ne da ya yi baƙi don shekaru. Wata kuma zanen goyo ne da ya ɗauki ɗiya bakwai, ya koɗe, yana nan ninke ƙasan adaka. Yawancin uwayenmu ba su rubuta komai a takarda ba. Tarihinsu cikin waɗanga kaya yake.

A dubi jere kawai. Kakanninmu da ƙorai da faya-fayai aka yi musu shi, daga baya kwalla da fanteka da langa suka shigo, yanzu kuma samira da kula da kayan roba. Mai ido tana duban jeren mace ta faɗi zamanin da aka yi mata aure. Mai ɗakin kuwa ta san fiye da haka: wanga gwaggo ta kawo shi, wancan da kuɗin albasar rani aka saye shi, tabarmar nan ta kaba a Madawa aka saƙa ta ranar da za a kai amarya.

Akwai kayan da ke riƙe da wahala. Shekarar 1984 ta yi fari mai tsanani, ga iyakar Najeriya a rufe, shi ya sa a wurare da yawa ake ce wa yunwar El-Buhari. A shekarar ce aka soma porjen Keita da tallafin ƙasar Italiya, kuma mata ne suka fi yawa a aikin: ɗaukar duwatsu a ka, jera su a gangare, gina ramuka a dasa itace, ladan kuma abinci. Tsohuwar da ta aje tasar da ta ɗauki duwatsu da ita, ko gwangwanin man da aka ba ta, shaida ce ta aje. In jikanta ya ga tudun da ya yi kore, ya kamata ya san kan wa ya ɗauki dutsen. Haka layukan bedi na kwarin Majiya, waɗanda aka fara dasawa a 1975 don tare iska: akwai hannayen da suka yi musu ban ruwa.

To, ga inda zancen ya shafi ƙungiyoyinmu. Kayan ɗakin mace, tun can, asusunta ne. In rumbu ya ƙare tsakiyar damina, ko ɗa ya kwanta ciwo, akuya ake fara kaiwa kasuwa, sannan hannu ya kai ga kwanoni da zannuwa. Lokacin kuma kowa na sayarwa, don haka mai saye ne ke yanka farashi. Waɗanda suka ga 2005 sun san yadda aka ba da kwanon aure don tiya kaɗan na hatsi. Hatsin ya ƙare cikin mako. Kwanon kuwa, da sunan wadda ta ba da shi, ya tafi ke nan.

Tsarin Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, ya buɗe wata ƙofa. Zubin mako-mako, ko dala ashirin ne, yana taruwa. Mai buƙata ta ɗauki bashi ta biya a hankali, ba sai ta kwance jerenta ba. Shi ya sa yana da kyau ƙungiya ta duba lokacin da take fasa asusu. In rabo ya faɗo gab da damina, kuɗin zai tare yunwar da ke sa a sayar da kaya. In kuma akwai ƴar ajiyar taimako ta ciwo da haihuwa, a riƙe ta da gaske, don ita ce ke tsare kayan gado.

Ba ana cewa kada a sayar da komai ba. Rai ya fi kwano. Amma kafin ɗayarmu ta ɗauki abin da ta gada zuwa kasuwa, ta fara kawo kukanta wurin taro. Sau da yawa jikka biyu ko uku ne tsakaninta da rabuwa da shi.

Abu na biyu ba ya cin ko dala. Kaya ba sa magana da kansu. In mai labarin ta rasu ba ta faɗa ba, ƙwaryar ta koma tsohuwar ƙwarya, magada su ba kaji ruwa da ita. Don haka a taron mako mai zuwa, bayan an gama zubi an rufe akwati, kowace ta zo da abu guda daga ɗakinta ta faɗi wa ya ba ta, a wace shekara, da me aka saye shi. A kira ƴan mata su zauna su ji. Sakatariya ta rubuta a bayan littafin zubi, kusa da sunan mai shi.

Allah ya albarkaci abin da muke ajiyewa, ya bar mu da kayan uwayenmu.