Babur a Cikin Hunturu: Tsakanin Sanyi da Ƙura

Duk wanda ya taɓa zama a unguwar da masu babura suka yi yawa ya san ƙarar da ke biyo bayan sallar asuba a watan Janairu. Mutum ne yake ta dukan kik, sau biyar, sau goma, inji ya yi tari ya mutu. Da ya kama kuwa, sai mai shi ya murɗe totur har ƙarshe, unguwa ta ɗauka gaba ɗaya, wai yana ɗumama shi. Wannan ƙara tana damuna, domin na san abin da take yi wa injin da iyali guda ke ci daga jikinsa.

Sanyinmu ba irin na Turai ba ne. Ba ƙanƙara a kan titi, ba wanda ke jingine babur wata huɗu yana jiran bazara. A Kano daren Janairu yakan sauko wajen digiri 13 a ma'aunin Selshiyas, wani lokaci ƙasa da haka. Jos, da ke bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200, ta fi haka sanyi, haka ma Agadas da garuruwan bakin Sahara. Wannan bai isa ya daskarar da komai ba, shi ya sa ake raina shi. Amma hunturu ba ya zuwa shi kaɗai. Tare yake tafe da ƙura, kuma sau da yawa abin da sanyi ke nema a yi wa babur, shi ƙura ke hanawa.

A fara da tashin inji. Fetur ba ya kamawa da wuta yana ruwa. Sai ya zama tururi, ya gauraya da iska, sannan tartsatsin fulogi ya kunna shi. Da asubar sanyi ƙarfen inji ya yi sanyi ƙalau, don haka wani ɓangare na man da kafireta ta fesa yakan manne a jikin bututu maimakon ya zama tururi. Abin da ke isa silinda iska ce mai yawa da mai kaɗan. Aikin cok ke nan: ya sa mai ya rinjayi iska na ɗan lokaci. Galibin baburan da ke kan titunanmu, su Boxer da Jincheng da Haojue, masu kafireta ne, kuma da cok ɗinsu suka zo. Na sha ganin wanda ya shekara yana hawan babur bai taɓa jan nasa ba, da kuma wanda ya ja ya manta da shi har hantsi. Na biyun ma ya yi ɓarna: fulogi zai yi baƙi da toka, mai zai tafi a banza, kuma fetur ɗin da bai ƙone ba yakan wanke baƙin man da ke jikin silinda. A ja cok, a tayar, a mayar da shi da zarar inji ya tsaya da kansa.

Murɗe totur kuwa shi ne babban laifin. Cikin dare baƙin mai ya gangara ƙasan inji, sanyi kuma ya sa ya yi kauri kamar zuma. Yana bukatar ɗan lokaci kafin famfo ya kai shi kan silinda, inda bawul da sauran ƙarafa ke gogayya. Wanda ya zuga inji a wannan lokaci ƙarfe yake gogawa da ƙarfe. Minti ɗaya zuwa biyu yana aiki a hankali ya wadatar, sannan a hau a tafi sannu a kilomitocin farko, domin inji ya fi saurin ɗumama yana tafiya. Kuma a fito da babur waje tukuna. Mutane da yawa a zaure ko a ɗaki suke kwana da shi saboda ɓarayi. Tayar da shi a rufaffen wuri yana tara iskar nan mai guba wadda ba ta da wari, irin wadda ke kashe masu kwana da janareta. Haka nan kaskon gawayi da tankin fetur ba sa kwana ɗaki ɗaya.

Lambobin da ke jikin galan ɗin baƙin mai suna da ma'ana. A 20W-50, wanda ya fi yawa a shagunanmu, lambar farko tana nuna yadda man ke gudana cikin sanyi, ta biyun kuma kaurinsa idan inji ya yi zafi. Ƙaramar lambar farko na nufin mai zai fi saurin zagayawa da safe. Mai babur ya bi abin da kamfanin ya rubuta a littafin babur ɗinsa, ya kuma nemi alamar JASO MA, domin kulocin irin waɗannan babura a cikin mai yake wanka, wasu mayukan mota kuwa sukan sa shi santsi. Man da ake aunawa a kwalba a bakin titi, ba suna ba lamba, arharsa ba ta kai kuɗin fistin da ringi ba.

Sai ƙura. Kaso mai yawa na hazon da ke rufe mana rana daga kwarin Bodele yake tasowa, a arewacin Chadi, inda tsohon babban Tafkin Chadi ya ƙafe ya bar ƙasa mai laushi kamar gari. Iskar arewa maso gabas ke kwaso ta, daga Nuwamba har wajen Maris. Inji kuwa shaƙar iska yake yi ba fashi, kuma abin da ke tsakaninsa da wannan gari soso ne ko takarda guda, wato iyakilina. Idan ta toshe, babur ya rasa ƙarfi, ya riƙa shan mai. A nan ne wasu makanikai ke yin abin da nake ganin cin amana ne: su cire ta gaba ɗaya, mai babur ya ji mashin ya buɗe, ya yi godiya ya tafi. Ƙurar da ta shiga ta haɗu da baƙin mai ta zama kamar yashin goge tukunya, tana cin ringi da jikin silinda kullum kaɗan-kaɗan. Kafin damina salansa ta fara fitar da hayaƙi mai shuɗi, sai sauke inji. Iyakilina ta soso ana wanke ta da kananzir, ta bushe, a shafa mata mai kaɗan a matse. Ta takarda ba a wanke ta, kakkaɓewa ake yi ko a sauya. A lokacin hazo duba ta kowane mako bai yi yawa ba.

Sarƙa ita ce inda rikicin sanyi da ƙura ya fi fitowa fili. Busasshiyar iska tana barin ta a bushe, tana ƙara. A malala mata mai kuma, ƙura ta manne ta cinye haƙoran da sarƙar ke hawa. A wanke ta tukuna, a ɗiga mai kaɗan, a goge na sama da tsumma. Murfin sarƙar da samari ke cirewa don ado, a wannan yanayi ya fi kowane lokaci amfani.

Taya da batir ba sa bukatar dogon bayani. Iska tana tsukewa cikin sanyi, don haka a auna taya da safe kafin ta ɗau zafi, da geji, ba da matsin yatsa ba. Batir kuma ƙarfinsa na raguwa da sanyi, wanda dama ya tsufa a nan yake tona kansa. Da safe a yi amfani da kik a hutar da sitata.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mahayin. Bisa lissafin da masana yanayi na Amurka da Kanada ke aiki da shi tun 2001, idan iska tana digiri 10, mai gudun kilomita 60 a awa jikinsa zai ji kamar digiri 5 ne. Yatsu ke fara sandarewa, kuma da su ake kama birkin gaba da kuloci. Hannun da ya ƙage ba ya riƙe birki a kan lokaci. Safar hannu mai kauri, rigar da iska ba ta ratsawa a kan rigar sanyi, ko da kwali ne a cusa a ƙirji kamar yadda tsofaffin mahaya ke yi, duk suna cikin kayan tuƙi. Mafi yawanmu rawani muke naɗawa mu rufe kunne da hanci. Yana tare ƙura, amma yana rage jin hon ɗin motar da ke tafe a baya, kuma ba ya tare kai daga kwalta. Tun ranar 1 ga Janairun 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta fara tilasta sanya hular kwano, a tsakiyar hunturu ke nan, aka yi ta turjiya. Har yau ina mamakin yadda ba a lura ba cewa hula mai gilashi ita ce ta fi kowane rawani tare sanyi da ƙura daga ido. Sai dai gilashin ba a goge shi a bushe. Ƙura za ta karce shi, fitilar motar da ke zuwa ta watsu a ido. A zuba ruwa tukuna.

A ranar da hazo ya sauko sosai, direban tirela ba ya hango babur sai ya zo kusa. Fitilar gaba ta zauna a kunne ko da rana tsaka. Masu kashe ta don tattalin mai su sani abin da take ci bai taka kara ya karya ba.

Akwai kuma fasinjan da ba a tambayarsa ko yana jin sanyi. Ƙarfe bakwai na safe, a kowane gari, za ka ga uba ya ɗauko yara uku zuwa makaranta, ƙaramin cikinsu a gaba, bisa tanki. Uban ya sha rigar sanyi da rawani, manyan yaran sun fake a bayansa. Ƙaramin shi ke karɓar iskar duka a fuska da ƙirji, da 'yar rigar makaranta, hannayensa a kan ƙarfe mai sanyi, idanunsa na zubar da hawaye. Jikin yaro ya fi na babba saurin rasa ɗumi, kuma ba zai iya cewa a tsaya ba. In babu makawa sai an ɗauke shi a babur, a mayar da shi tsakiya, a rufe masa kai da hanci, a fita da wuri yadda ba sai an yi gudu ba.