Mai Gyaran Shoka a Achilafiya

Kafin ya ɗauki sufana, sai ya dafa kariyar babur ɗin da hannu biyu, ya danna da ƙarfi, ya saki. In bayan ya taso sau ɗaya ya tsaya, shoka tana da sauran rai. In kuwa ya yi ta rawa sama da ƙasa, man da ke cikinta ya tsiyaye, sifirin kaɗai ya rage yana wahala. Daga nan ya shafa ɗan siririn ƙarfen da ke tsakiyar sifirin ɗin, ya nuna wa mai babur yatsansa: baƙin mai haɗe da ƙura.

Wannan bakanike yana aiki ne a gindin darbejiya a Achilafiya, cikin ƙaramar hukumar 'Yankwashi ta masarautar Kazaure. Da ganin baburan da ake kawo masa ka san ƙasar da suke bi. Da an sauka daga titin da ya taso daga Kano ya bi ta Kazaure zuwa Daura, galibin hanyoyin ƙauyuka burji ne da yashi, ga gargada da damina ta bari, wajen Roni kuma ga duwatsu. A kan ɗan babur ɗin da aka ƙera don mutum biyu ake ɗaura buhun gero biyu, a ɗora akuya, mai shi ya matsa har kan tanki.

Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kayan gyara suka bi farashin komai suka tashi, mutane suka rage sayen sabo. Nan gwanintarsa take. Yakan fara da abin da bai kai a taɓa aljihu ba. A gindin shokoki da yawa akwai wani zobe mai hawa-hawa, yawanci biyar; in aka murɗa shi sama, sifirin ya ƙara tauri, babur ya daina durƙushewa da kaya. Mutum zai shekara biyar da babur bai san da zoben nan ba. Sai kuma robar da ke cikin idon shoka, sama da ƙasa, wadda in ta cinye za ka ji ƙwas-ƙwas a kowane rami. Da wuƙa yake yanko madadinta daga tsohuwar taya, ya fere ta, ya buga ta ciki da guduma.

"Malam, wannan ba ta mutu ba, roba ce ta ci," ya ce da wani dattijo da ya zo da niyyar sayen sabuwa. "Ka riƙe kuɗinka, ka sai wa iyali cefane."

In ta mutu da gaske, sai a nemi ta gwanjo daga Kano, ko sabuwa irin wadda ake shigowa da ita daga Sin da Indiya. Masu roba-roba da Jincheng sun fi sha'awar a sa musu ta Bajaj Boxer, don akwai samfurinta mai ƙaramin sifirin a cikin babba, mai jure lodi. Shi kuwa ba ya ɗaurawa sai ya gwada tsawon da igiya, daga ido zuwa ido. Wadda ta fi tsawo tana ɗaga bayan babur, ta ɓata jan sarƙa, gajeren mutum kuma ƙafarsa ta kasa kai ƙasa. Kuma biyu yake canzawa tare. Sabuwa a dama, tsohuwa a hagu, babur ya riƙa karkata a kwana.

Abin da ya fi burge ni shi ne aikin da yake ƙi. Akwai masu zuwa a walda musu ƙarin shoka biyu, su zama huɗu, don su ƙara buhu. Ba ya yi. Dukan da sifirin ya ƙi shanyewa ba ɓacewa yake yi ba: yana komawa kan sifokin taya, da jikin babur, da ƙashin bayan wanda ke zaune. A wannan yanki, wanda ke zaunen sau da yawa mai naƙuda ce ake gudu da ita asibitin Kazaure cikin dare.

Yaransa biyu ne. Babban ya fara kwance inji. Ƙaramin, ɗan shekara goma sha biyu, sai an tashi daga makaranta yake zuwa, aikinsa wanke noti a cikin gwangwanin fetur. Ran da na je, ogan ya kira shi ya ce ya danna wani babur ya faɗi abin da ya ji. Yaron ya rataya da duk nauyinsa, ya saki, ya kasa kunne.

"Oga, ta hagu ce."

Ogan ya miƙa masa sufana mai lamba goma sha huɗu.