Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Gyaran Ruwan Kwamin Ninƙaya

Gabatarwa

A wannan ɗan rubutu zan yi bayanin abin da ke sa ruwan kwamin ninƙaya na gida ya dagule ko ya sauya launi, da yadda ake gyara shi. Da yawa suna ganin haka sai su antaya sinadarin kulorin. A ganina, launin ruwan ya kamata a fara dubawa, domin shi ke faɗin ciwon.

Abin da Launi ke Nunawa

Idan ruwa ya yi kore shar, bango kuma yana santsi, gansakuka ce. Takan yaɗu idan kulorin ya yi ƙaranci, musamman da damina, lokacin da ruwan sama ke tsinka shi.

Idan ya yi ja kamar tsatsa jim kaɗan bayan an zuba kulorin, sinadarin ƙarfe ne. Ana yawan samun sa a ruwan rijiyar burtsatse, kamar a wasu unguwannin Legas. A nan ƙara kulorin ba ya kawar da launin, domin shi ne ya fito da tsatsar.

Idan kuwa ya yi fari kamar tsinkakken koko, ko dai matacin ruwa ya toshe, ko ƙurar hunturu ta yi yawa, ko ma'aunin tsamin ruwa da ake kira pH ya haura.

Matakan Gyara

1. A auna ruwan. Ana son pH tsakanin 7.2 da 7.6, kulorin kuma miligiram 1 zuwa 3 a kowace lita. Idan pH ya yi sama, ƙarfin kulorin yakan ragu.
2. A kwashe ganyaye, a goge bango da buroshi, a wanke mataci.
3. Idan gansakuka ce, a zuba kulorin mai yawa da yamma, domin hasken rana yana cinye shi. A bar injin yana juya ruwan dare da rana, ko da janareta ne.
4. Idan tsatsa ce ko ƙura, a zuba alimun, a kashe injin ruwan ya kwana. Da safe dauɗar ta kwanta a ƙasa, sai a zuƙe ta a zubar waje.

Gargaɗi

Kada a taɓa haɗa kulorin da asid, domin suna fitar da iska mai guba. Sannan sinadari ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa cikin sinadari.

Kammalawa

Wannan magana ta wuce kyan gani. Yaro na iya nutsewa a dagulallen ruwa ba wanda ya hango shi. Saboda haka, muddin ba a ganin ƙasan kwamin daga bakinsa, kada a bar kowa ya shiga. Allah ya kiyaye mu, amin.